Maganin sikila na dala miliyan 2.2 da ɗan kafson da yaronmu ke sha

Wata safiya cikin Disambar 2023 ina shirin fita makaranta sai ga kiran ƙanwata, ko gaisawa bamu gama ba tace "Yaya ka ga abinda aka turo a guruf ɗin gida? Wai Turawa sun gano maganin sikila, wai warkewa ake gaba ɗaya, don Allah ka duba min ko da gaske ne." Muryarta har rawa take. Ni ake jefa wa irin waɗannan tambayoyin a gidanmu saboda bayoloji nake koyarwa a sakandare, amma wannan ba irin sauran bace, don ɗanta na fari sikila ne, SS, a lokacin shekararsa takwas.

Nace mata ki bani kwana biyu. Kwana biyun nan sai da ya koma kusan wata guda ina ta karance-karance da daddare, kuma har yau ban daina bibiya ba. Na san ba mu kaɗai bane, a Najeriya ana ƙiyasin jarirai wajen 150,000 ake haifa da ciwon nan duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya, kuma da wuya ka samu zuri'a a arewa da wani nata bai taɓa kwana a bencin asibiti saboda amosanin jini ba.

Labarin dai gaskiya ne. Ranar 16 ga Nuwamban 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, farkon Disamba Bahrain ta bi sahu, ranar 8 ga Disamba hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ita ma ta amince, daga baya Saudiyya ma ta amince. Kamfanoni biyu ne suka haɗa shi, Vertex da CRISPR Therapeutics. Mai sikila ta farko da aka yi wa a Amurka wata mata ce, Victoria Gray, 'yar jihar Mississippi mai 'ya'ya huɗu, an mata a watan Yulin 2019 a garin Nashville, matar da a da rabin rayuwarta a gadon asibiti take yi. A alƙaluman da aka gabatar wa FDA, cikin mutum 31 da aka bibiya tsawon lokacin da ya kamata, 29 sun yi aƙalla shekara guda cur ciwon bai tashi musu da tsanani ba. Duk wanda ya taɓa jinyar sikila ya san me shekara guda babu tashin ciwo ke nufi.

Bari in ɗan koma baya. Yaronmu lafiya ƙalau aka haife shi, ɓul-ɓul, wata shida ko ciwon kirki bai yi ba. Yana wata bakwai muka wayi gari bayan hannayensa da ƙafafunsa sun kumbura sumtum, yatsun kamar za su fashe, in ka taɓa sai ya ƙwalla ƙara. Hajiyarmu tace haƙori ne, aka shafa man kaɗanya, wata maƙwabciya tace sanyi ne ya shige shi. Sai da aka kai asibiti aka ɗibi jini aka ce SS ne. Ƙanwata ta zauna a ƙasa a wajen tana cewa ai ba zai yiwu ba, mun yi gwaji kafin aure, mijinta AA aka ce. Aka sake gwada shi har sau biyu, AS ne. Wani ƙaramin lab ne a unguwa ya basu takardar farko, kuskure ne ko ganganci Allah kaɗai ya sani.

Daga nan muka shiga rayuwar da duk iyayen sikila suka sani. Daren da bana mantawa cikin hunturu ne, yana shekara shida, wajen ƙarfe biyu mijinta ya buga min ƙofa. Yaron na kwance ya naɗe kamar kifi a tukunya, yana riƙe da ƙwaurinsa yana cewa "Kawu ana sara min ƙafa, ka ce su daina." Idonsa yayi shar kamar an zuba kurkur, leɓensa fari fat. Muka naɗe shi a bargo, uwar na riƙe da gorar ruwan zafi a ƙafar, muka samu mai adaidaita da ƙyar. A imajansi aka ce jininsa yayi ƙasa sosai sai an ƙara, kuma babu irin nasa a ajiye, ni da uban muka dinga kiran 'yan uwa da abokai da tsakar dare, sai bayan asuba aka samu leda ɗaya. Wannan shekarar sau biyar aka kwantar da shi.

Toh me ke faruwa a jikin? A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari, himogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ko'ina. Umarnin yadda jiki zai ƙera shi a rubuce yake cikin DNA, kuma cikin haruffa sama da biliyan 3 da ke rubutun nan, harafi ɗaya tak ne ya sauya wa mai sikila. Harafi ɗaya. Sakamakonsa in himogulobin ɗin ya sauke oksijin sai ya manne da 'yan uwansa su zama kamar sanduna, ƙwayar jinin da ya kamata ta zama mai laushi kamar waina ta lanƙwashe ta zama kamar lauje, ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Inda jini bai kai ba nan ciwo ke tashi, wannan shine saran da yaron ke ji. Kuma ƙwayar jinin mai lafiya kwana 120 take yi, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe, shi yasa kullum jininsu a ƙasa yake, idon kuma ya dinga nuna shawara.

Tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba sai da na fara wannan karatun itace, me yasa wata shidan farko lafiyarsa ƙalau? Ashe wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948. Jariri a ciki wani himogulobin daban yake amfani da shi, ana ce masa F, na tayi, kuma shi wannan baya lanƙwashewa, hasali ma hana na sikilan, wanda ake ce wa S, mannewa yake. Bayan haihuwa sai jiki ya kashe na tayin a hankali ya kunna na manya, wanda a wajen mai sikila shine mai matsalar. Lokacin da na tayin ya ƙare, lokacin hannun yaronmu ya kumbura. Akwai ma masu sikila a gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya da jikinsu baya gama kashe F ɗin, kuma ciwon nasu yafi namu sauƙi. Shekara da shekaru masana na neman makunnin da ke kashe shi, sai a 2008 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya nuna wani ɓangaren gado ne mai suna BCL11A.

Almakashin da aka yanke makunnin da shi kuma, wannan ne ya fi burge ni a matsayina na malami, daga bakteriya aka aro shi. Su ma bakteriya bairos na kai musu hari, sai suke ajiye ɗan guntun rubutun bairos ɗin kamar hoton ɓarawo, in ya dawo su gane shi su datse shi. Masu bincike a kamfanin Danisco ne suka tabbatar da haka a 2007, kuma a kan bakteriyar da ake haɗa yogot da ita suke aiki, irin aikin da ke maida madara kindirmo. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna ana iya ba almakashin nan, CRISPR, adireshin duk inda ake so ya yanka a DNA, a 2020 aka basu kyautar Nobel. Casgevy baya gyara harafin sikilan nan ko kaɗan. Makunnin yake lalatawa a cikin ƙwayoyin ɓargo, sai jikin babba ya koma ƙera jinin jarirai. Wallahi ranar da na fahimci wannan sai da na tashi na zagaya ɗaki ina tasbihi.

Amma fa ba allura bace da za a maka ka tafi gida, kamar yadda saƙon guruf ɗin ya nuna. Sai an yi makonni ana maka ƙarin jini, sannan a haɗa ka da na'ura ta tace uwayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke zaune a ɓargo suna haifar da sauran, wani sai an maimaita masa sau da yawa kafin a samu isassu. A tura su ɗakin gwaji a gyara, wannan kaɗai kan ɗauki watanni, har shida. Sannan a baka kimo mai ƙarfi, irin maganin da ake ba masu kansa, sunansa busulfan, ya share tsohon ɓargon don sabon ya samu wajen zama, gashi ya zube, baki yayi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa warwas, ka yi wata guda ko fiye a killace a asibiti. Kimon nan na iya hana mutum haihuwa har abada. Kuma da farko daga ɗan shekara 12 zuwa sama aka amince a yi wa. Wani abu da mutane basu sani ba, wanda aka yi wa ya warke ɗin, 'ya'yansa za su gaji S daga gare shi, don ɓargo aka gyara ba ƙwayar haihuwa ba.

Sai kuɗi. Dala miliyan 2.2 a Amurka, ban da kuɗin asibiti. In ka ɗauki dala a naira 1,500 ya haura naira biliyan 3, na mutum ɗaya. Wani makamancinsa da FDA ta amince da shi rana ɗaya, Lyfgenia, dala miliyan 3.1 ne. A Ingila ma sai Janairun 2025 aka amince gwamnati ta biya wa mutane, kuma ƙiyasin wajen mutum 50 ne a shekara. Ko dashen ɓargo na asali, wanda ake ɗiba daga ɗan uwa da jininsu ya dace, an fara yinsa a asibitin koyarwa na Benin tun 2011, an kuma fara a Legas a 2024, amma kuɗinsa miliyoyi ne masu yawa kuma ba kowa ke da ɗan uwan da ya dace ba.

Na je gidan da kaina na mata bayani, don ba maganar waya bace. Ta saurara har na gama, tana ninke kayan yara, sai tace "Toh Allah ya sa waɗanda suka samu su amfana." Shikenan abinda tace. Ta ci gaba da ninkin tana share ido da gefen hijabi. Na fito gidan jikina a sanyaye.

Abinda yasa nake wannan rubutun shine abinda na ci karo da shi bayan nan. Ina cikin karanta maganar himogulobin F sai nake ta ganin sunan wani tsohon magani, a jikin kwalinsa an rubuta hydroxyurea, kafso ne da ake haɗiya sau ɗaya a rana, kuma babban aikinsa ga mai sikila shine ya ƙara yawan F ɗin nan. Hanya ɗaya ce da ta Casgevy, sai dai shi baya kai wa can ƙarshe, ragewa yake ba warkarwa ba, kuma in ka daina sha jiki ya koma yadda yake. Tun 1995 wani babban gwaji a Amurka ya nuna yana rage tashin ciwo kusan da rabi, FDA ta amince da shi a 1998. Shekara 25 kenan kafin Casgevy. Yaronmu shekara takwas yana shan folik asid da faludirin da farasitamol, babu wanda ya taɓa ambata mana shi, wannan har yau yana min ciwo a rai.

An daɗe ana ɗari-ɗari da shi a Afirka, ana tsoron tunda yana rage fararen ƙwayoyin jini kar ya sa maleriya da sauran cututtuka su fi kama yara. Sai aka yi gwajin REACH a Angola, Kongo, Kenya da Uganda, yara sama da 600 'yan shekara 1 zuwa 10, sakamakon ya fito ƙarshen 2018. Tashin ciwo ya ragu da fiye da rabi, buƙatar ƙarin jini ta ragu da wajen kashi biyu cikin uku, mace-mace suka ragu sosai, kuma maleriyar da ake tsoro ita ma raguwa tayi da wajen rabi.

Wanda ya fi taɓa ni kuma a nan gida aka yi shi. Sunansa SPRING, an yi shi a asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala a Kano da Barau Dikko a Kaduna, likitocinmu irinsu Dakta Shehu Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan layin binciken tare da Farfesa Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt. Matsalar da suka tunkara shanyewar ɓarin jiki ce. Mu mun saba ji ga tsofaffi masu hawan jini, amma wajen yaro ɗaya cikin goma masu SS yana samunta kafin ya kai shekara 20, ka ga yaro ɗan firamare baki ya karkace hannu ya mutu, a gida a ce iska ce ta buge shi. Akwai wani hoton kai da ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in ya kai santimita 200 a daƙiƙa yaron na cikin haɗari, an gani a Amurka cewa irin waɗannan yaran in ba a yi komai ba wajen ɗaya cikin goma ke shanyewa duk shekara. Maganin da suke yi a can ƙarin jini ne duk wata. Mu da muka kwana muna neman leda ɗaya, ina za mu iya wannan duk wata har shekaru?

Sai suka ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 da hotonsu ya nuna haɗari, aka raba biyu, rabi ana basu miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi miligiram 20. Bayan an bi su sama da shekara biyu, yara 3 ne suka samu shanyewar a rukunin farko, 5 a na biyu, wato ƙasa ƙwarai da abinda ake tsammani in babu magani, kuma ƙaramin awon ma ya wadatar wajen kariya, sai dai masu shan babban basu cika kwanciya asibiti ba. An buga shi a 2022. Yaran Kano da Kaduna, iyayensu irinmu, kuma maganin har a Najeriya ana haɗa shi. Ni ina zaune a arewa ban taɓa jin labarin ba, amma na Amurka cikin kwana ɗaya ya iso guruf ɗin gidanmu.

Da na kai wa Hajiyarmu labari cewa tayi guntun gatarinka ya fi sari ka bani, ku kai shi mana. Muka nemi kilinik ɗin sikila a babban asibiti, aka rubuta mana hoton. Na shiga da shi ɗakin, aka kwantar da shi, aka shafa masa wani abu mai yauƙi a gefen kai tsakanin ido da kunne, aka ɗora ɗan abin kamar kan tocila, sai ga ƙara na fita daga na'urar, fuu fuu fuu, daidai bugun zuciyarsa. Ya zaro ido yace "Kawu jinina ne ke magana?" Mai hoton tace eh naka ne, ka kwanta kar ka motsa. Alhamdulillahi nasa bai kai 200 ba, amma saboda yawan kwanciyar da yake likita tace ya cancanci a ɗora shi a kan maganin.

Nan kuma wata sabuwa ta taso. Ƙanwata ta karanta takardar cikin kwalin ta ga an rubuta ana ba masu kansa, ta kira ni tana kuka wai za a ba ɗanta maganin kansa, wata ƙawarta ma ta ce mata yana hana haihuwa. Bana ganin laifinta. Gaskiya ne asalinsa maganin wasu cututtukan jini ne, amma awon da ake ba mai sikila daban ne. Gaskiya ne kuma yana iya rage ƙwayoyin maniyyi ga maza, masana na ci gaba da bibiyar wannan, ita kanta sikilar ma tana taɓa wannan ɓangaren, kuma mai ciki ko mai neman ciki sai ta zauna da likita tukuna. Likitar ta zaunar da ita wajen rabin awa tana mata bayani, "Maman yaro, ki tambayi duk abinda ke ranki," har ta yarda. Don Allah kar wanda ya karanta wannan ya tafi kemis ya siyo wa ɗansa, da nauyin yaro ake auna shi, kuma dole a dinga gwajin jini lokaci-lokaci don in fararen ƙwayoyin sun yi ƙasa a dakata. Sabbin magunguna ma ba duka ke ɗorewa ba, akwai Oxbryta da aka yi ta murna da shi, a Satumbar 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa saboda alƙaluma sun nuna haɗarinsa ya fi amfaninsa. Shi wannan tsohon an shafe kusan shekara 30 ana ganin halinsa.

Watannin farko bamu ga wani canji ba, har uban ya fara cewa anya. Wajen wata na huɗu idon ya fara washewa, ya fara cin abinci kamar ba shi ba. Farcensa ya ɗan yi duhu, an ce mana dama yana sa haka. Daga fara sha zuwa yau sau ɗaya aka kwantar da shi, kwana biyu, ba a ƙara masa jini ba. Ciwon na nan, ranar da ya sha wasa a rana bai sha ruwa ba ko sanyi ya buge shi yakan yi ƙorafin ƙafa, har yanzu da gidan sauro yake kwana, har yanzu uwar na bin sa da gorar ruwa. Kuɗin maganin da na gwaji duk wata ma nauyi ne a kan mai albashi, mu uku muke haɗawa, kuma akwai watan da muka zaga kemis huɗu babu.

A Mayun 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da jinotayif, kuma na ji daɗin haka, sai dai mu da takardar gwaji a hannu aka ɗaura auren ƙanwata, don haka ina ganin sai an sa ido a kan masu lab ɗin su ma, kuma duk mai shirin aure ya yi a waje biyu daban. AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in na fari ya zo da shi ukun da ke biye sun tsira ba. Ƙannen yaronmu biyu, ɗaya AA ɗaya AS.

Litinin mai zuwa ranar kilinik ce, ni zan raka su don uban na tafiya. Yaron ya ƙara kilo uku tun awon baya, ina so in tambayi likita ko lokacin ƙara masa awon maganin yayi, kuma lokacin sake hoton kan ma ya zagayo. Shi kuma ya bani nasa saƙon, wai in tambayar masa ko za a barshi ya shiga tim ɗin ƙwallon ajinsu, ko da gola ne.